Tambaya: ta ina za mu fara horar da matasan unguwarmu aikin agajin gaggawa?

Sakataren Unguwa, Katsina, ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina rubuto wannan tambaya ne a madadin ƙungiyar ci gaban unguwarmu da ke wajen Ƙofar Marusa a birnin Katsina, wadda nake yi wa sakatare, kuma ina roƙon masana wannan fanni su yi haƙuri su karanta har ƙarshe.

Makonni uku da suka wuce, ana idar da sallar la'asar, wata mota ta kwashe wani ɗan acaɓa a kan titin da ya ratsa unguwarmu. Kafin ka ce kwabo mutane sun cika wurin maƙil. Wani ya fasa ledar ruwa yana tuttula masa a fuska, wani yana girgiza shi yana kiran sunansa, wasu samari biyu kuwa sun ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Jini na kwarara daga cinyarsa, amma babu wanda ya bi ta kansa, domin hankalin kowa ya tafi ga a kai shi asibiti. Mutum ɗaya ya kama shi ta hammata, ni da wani muka kama ƙafafu, kansa yana reto, muka lanƙwasa shi muka cusa a bayan Keke Napep. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba, amma har yau ƙafafunsa ba sa motsi. Likitan da ya karɓe shi bai yi mana faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi, wato yaya aka ɗauko shi, da muka kwatanta masa kuwa sai ya yi shiru. Wannan shirun ne ya hana ni barci, domin kullum ina tambayar kaina ko motar ce ta yi masa wannan lahani, ko kuwa hannuwanmu ne suka ƙarasa abin da ta fara.

Bayan haka dattawa suka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa, aka yi karo-karo aka tara naira 340,000, matasa 26 kuma suka ba da sunayensu cewa za su yi aikin agaji ba tare da biya ba. A nan ne kawuna suka rabu. Wasu suna ganin a ɗinka musu inifam da hula, a sayi usur da akwatin magani, domin jama'a su san da zamansu. Wasu kuma suna ganin a ɗauko masani ya yi musu bita ta kwana uku, a raba musu takardar shaida. Kuɗin ba zai ɗauki duka biyun ba. Akwai kuma waɗanda iyayensu suka ce ba da su ba, saboda tsoron kada yaro ya kai wanda ya ji rauni asibiti a wayi gari shi ne ake tuhuma.

Abin da nake neman sani shi ne, me ya kamata a fara koya musu, wa ya cancanci ya koyar, kuma ina ya fi dacewa a zuba wannan ɗan kuɗi? Sannan an kawo shawarar a kira su 'yan sa-kai na unguwa, ni kuwa sunan bai kwanta mini ba. Allah ya saka da alheri.

Malamin Asibiti ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya ba majinyacin lafiya, ya kuma ba ka ladan niyyarka. Na shekara 14 a ɗakin karɓar masu haɗari, kuma abin da ka kwatanta shi muke gani kusan kowace rana, saboda haka kada ka ɗora wa kanka laifin abin da ba a taɓa koya maka ba.

Zan fara da bitar kwana uku, domin ita ce ta fi kama da mafita alhali ita ta fi saurin cinye kuɗi. Taimakon farko aikin hannu ne, kamar ɗinki ko gyaran babur, kuma an daɗe da tabbatar da cewa wanda aka koya wa danna ƙirji don ceto wanda numfashinsa ya tsaya, in bai maimaita ba, ƙwarewarsa takan fara dusashewa cikin wata 3 zuwa 6. Gara awa biyu kowane mako biyu har shekara ta zagayo, da kwana uku a jere ana kallon majigi ana jiran shinkafar rana. Ba kuma sai an yi dogon karatu ba. A ƙasar Ghana an taɓa horar da direbobin haya fiye da 300 a kwas na awa 6 kacal, saboda an lura su ne ke kai mafi yawan masu haɗari asibiti, kuma da aka bibiye su daga baya an tarar da yadda suke tsayar da jini da buɗe hanyar numfashi ya inganta ƙwarai. Wannan ya sa nake ba ku shawara ku duba jerin sunayenku da kyau: 'yan acaɓa da masu Napep da mai shayin bakin titi da ladan, su ne ke wurin a kowane lokaci, ba ɗalibin da zai koma makaranta bayan hutu ba.

Abin da za a fara koyarwa uku ne, kuma ban yarda a wuce su ba sai kowa ya iya su ido rufe: jini, numfashi, da ɗauka.

Jinin da ke tsartuwa daga babbar jijiyar cinya yana iya kashe mutum cikin 'yan mintoci, tun kafin a kai Ƙofar Soro balle asibiti. Maganinsa shi ne a dunƙule ƙyalle mai tsabta a danna kan raunin da dukkan ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa, in ya jiƙe a ɗora wani a kai. Ba a zuba ƙasa, ba a zuba toka, ba a zuba baƙin mai. In dannawa ta gaza kuma raunin a hannu ne ko ƙafa, sai a ninke rawani ko mayafi ya yi faɗi, a ɗaure kamar yatsu uku sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a soka sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin da aka ɗaure, kada kuma a kwance sai a hannun likita. Waya ko siririyar roba ba ta yin wannan aiki. A kuma ja musu kunne cewa wannan ɗauri na zubar jini ne kawai. Wanda kububuwa ta sara ba a yi masa shi, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa; a hana shi tafiya a ɗauke shi zuwa inda ake da allurar dafi.

Game da numfashi, wanda ya suma amma yana numfashi ana kwantar da shi ta gefe domin kada harshensa ko amai ya toshe masa maƙogwaro, kuma ba a ɗura masa ruwa ko madara. In mutane da yawa ne suka ji rauni, a fara duba wanda ya yi shiru, domin mai ihu ya riga ya shaida maka cewa yana numfashi. Wanda numfashinsa ya tsaya kuwa, ƙwaƙwalwarsa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, sai a danna tsakiyar ƙirjinsa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, bayan kowane dannawa 30 a hura masa iska sau biyu. Wannan ba ya koyuwa sai a kan mutum-mutumin roba, kuma ba a gwada shi a jikin mai lafiya.

Ɗauka ita ce inda kuka yi tuntuɓe. Duk wanda mota ta buge ko ya faɗo daga sama, a ɗauka cewa wuyansa ko bayansa ya taɓu har sai likita ya ce a'a. Mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kai da hannu biyu daidai da jiki, shi ne kuma mai ba da umarni. Uku su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a ɗaure shi a kai, a nemi a-kori-kura ko motar da zai miƙe sosai a ciki. Minti biyar da aka ɓata ana neman irin wannan mota sun fi alheri a kan gaggawar cusa shi a Napep.

Masu koyarwa kuwa suna nan kusa da ku. Ƙungiyar Red Cross tana da reshe a Katsina kuma koyar da taimakon farko aikinta ne, haka jami'an hukumar kiyaye haɗurra da 'yan kwana-kwana da hukumar agajin gaggawa ta jiha. Ku rubuta musu takarda ta hannun mai unguwa. Sharaɗinku ɗaya ne: kowane ɗalibi hannunsa ya taɓa, ko da za a raba su rukuni-rukuni na mutum shida. Ni dai da kuɗin a hannuna yake, safar hannu da bandeji da almakashi da tocila da katakon ɗauka zan saya, in kai su a yi musu rigakafin ciwon hanta nau'in B, wanda ake ɗauka ta jini, in kuma manta da inifam.

Tsohon Ɗan Agaji, Daura, ya amsa:

Salamu alaikum. Ɗana Sakatare, Allah ya yi maka albarka. Na shiga aikin agaji a 1984, lokacin muna ƙarƙashin jihar Kaduna, shekara uku kafin a ba mu jihar Katsina, kuma na yi tsaron layi a hawan Sallah da Gani a nan Daura fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Duk abin da malamin asibiti ya faɗa a kan jiki gaskiya ne, ba ni da ta cewa. Amma a kan inifam ban bi shi ba gaba ɗaya, kuma ga dalilina.

Babban abokin gabar ɗan agaji a wurin haɗari taron jama'a ne. Yaro ɗan shekara 22 ya durƙusa ya riƙe kan majinyaci yana cewa kada a ɗaga shi, sai wani dattijo mai babbar riga ya daka masa tsawa ya ce so kake ya mutu a nan, nan take kuwa za a ture shi a ciccibi mutumin, duk iliminsa ya tashi a banza. Abin da ke sa a saurari yaro shi ne alama a jikinsa da kuma sanin cewa mai unguwa da liman suna bayansa. Ba na cewa a ɗinka kaki da igiyar kafaɗa da takalmin fareti. Riga mai ƙyalli irin ta masu aikin hanya ta wadatar, ba ta da tsada, tana shiga aljihun babur, da dare kuma tana hana wata motar ta zo ta bi ta kansu. Sannan liman ya gabatar da su a masallaci bayan sallar Juma'a, ya gaya wa jama'a cewa in aka ga mai wannan riga a ba shi wuri.

Na biyu, a raba aiki tun kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya. In mutum biyar suka isa wuri, ɗaya na majinyaci ne, ɗaya na kai, ɗaya ya tare motoci daga nesa, ɗaya ya kori 'yan kallo ya kuma kula da wayar majinyaci da kuɗinsa, domin ɓata-gari ba sa rasa irin wannan wuri, na biyar kuma ya kira lambar gaggawa 112, ko 122 ta hukumar kiyaye haɗurra in haɗarin hanya ne, ya nemo mota. Mu a zamaninmu da makarar masallaci muke atisayen ɗauka, mu kwantar da wanda ya fi kowa nauyi a ciki mu zagaya fili. Wasu suna ƙyamar haka, amma makara tana kowace unguwa kuma kowa ya san inda take.

Na uku, wanda ya fi damuna, a koya musu inda ba a shiga. Na halarci jana'izar 'yan gida ɗaya su uku da suka mutu a rijiya guda: na farko ya shiga yasar rijiyar sai iskar ƙasa ta buge shi, na biyu ya bi shi, na uku ya bi na biyu. Tsohuwar rijiya da ramin masai suna tara iskar da ba ta da amfani ga numfashi, mutum ba ya ganinta, sai dai ya ji jiri ya faɗi. Ba a shiga sai 'yan kwana-kwana sun zo da kayansu. Haka kududdufi da damina, inda yaranmu ke halaka kowace shekara: wanda ke nutsewa yakan ƙanƙame mai cetonsa su tafi tare, saboda haka a miƙa masa gora, ko a ɗaura igiya a jarkar da ba kome a ciki, a rufe bakinta a jefa masa. In an fito da shi, mu an koya mana a kifa shi a danna ciki ruwan ya fita. Tankar mai kuwa in ta faɗi, aikin ɗan agaji ɗaya ne, ya kori mutane nesa ko da za su zage shi. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, yawancinsu sun je kwasar fetur ne, ya isa wa'azi.

Ku kuma tuna da ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta zo cikin dare ta ci rayuka fiye da 40. A irin wannan dare maƙwabci ne ke fara isa, saboda haka yaranku su san gidajen da ke bakin magudanar ruwa, da inda tsoho ko gurgu ko makaho yake kwana, da tudun da za a tara mutane.

Sunan 'yan sa-kai kuwa ku bar shi. A jihar nan yanzu in aka ce ɗan sa-kai, mai bindiga ake nufi, kuma ba ku so a ɗauki yaranku da wannan ido, musamman in aiki ya kai su bayan gari. Ku ce 'yan agaji, sunan da Jama'atu da Fityanu da Izala suka riga suka saba wa mutane da shi.

Malamar Islamiyya ta amsa:

Assalamu alaikum. Ina yi wa Baba na Daura da malamin asibiti godiya, na ƙaru ƙwarai. Sai dai ina da tambaya ga Malam Sakatare: cikin matasa 26 ɗin nan mata nawa ne? Ina kyautata zaton babu ko ɗaya, domin a ƙofar gidan mai unguwa aka yi taron.

Duk maganar da aka yi ta titi ce da kududdufi, alhali da yawan abin da ke faruwa a unguwa a cikin gida yake faruwa, da hantsi, lokacin da maza suka fita nema. Yaro ya faɗa tukunyar ruwan zafi, jariri ya shaƙe da ƙwayar gyaɗa, ƙaramin yaro ya sha kalanzir da aka zuba a robar lemo, zazzaɓi ya sa wani jijjiga, mai jego ta ɓalle da jini. A wannan lokaci babu saurayin da zai faɗa gidan matan aure kai tsaye, in ma ya shiga, akwai inda hannunsa ba zai kai ba.

A bara 'yar maƙwabciyata mai shekara uku ta jawo tukunyar koko ta zube mata a ƙirji. Kafin in shiga an shafa mata man goge baki, wata tana fasa ɗanyen ƙwai, wata ta tafi neman gishiri. Babu wadda ta yi haka da mugunta, abin da suka gada ke nan. Da akwai mace ɗaya a layin da ta san cewa ƙuna ruwa mai sanyi take so, a yi ta kwarara shi har minti 20, ba ƙanƙara ba, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a fizge rigar da ta manne, a rufe da ƙyalle mai tsabta, da yarinyar ba ta sha wahalar da ta sha wajen wanke raunin a asibiti ba. Haka wanda ya sha kalanzir, ba a sa shi amai kuma ba a ɗura masa manja, domin in ya bi ta huhu ya fi illa. Mai jijjiga ko farfaɗiya ba a cusa masa cokali a baki, ba a danne shi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, in ta lafa a kwantar da shi ta gefe, in ta wuce minti biyar a nufi asibiti. Jaririn da ya shaƙe a kifa shi a kan hannu, kansa ya yi ƙasa, a bubbuga tsakanin kafaɗunsa sau biyar. Wuta in ta kama man suya, murfi ake rufawa, ba ruwa ake watsawa ba.

Shawarata ita ce a ware kaso daga kuɗin a nemo ma'aikaciyar jinya mace ta riƙa zuwa Islamiyyar matan aure, ko da sau ɗaya a wata, ranar da aka saba haɗuwa. Ba a bukatar hayar wuri, ba a bukatar neman sabon izini daga mazaje, kuma ungozomomin unguwa su zauna a sahun gaba, domin su ake fara kira in haihuwa ta zo da gardama.

Direban Katsina zuwa Kano ya amsa:

Salamu alaikum. Ni ba mai ilimi ba ne, direba ne, shekarata 19 a kan wannan hanya. Iyayen da suka hana 'ya'yansu kada a ga laifinsu. Shekarun baya na tsinci wani mutum a gefen hanya da asuba, wata mota ta buge shi ta gudu, na sauke fasinjojina na kai shi asibiti, ya cika kafin a gama rubuta kati. Kwana biyu na yi a wani caji ofis, motata kuma ta yi mako guda, sai da shugabannin tasharmu suka tsaya mini. Tun daga ranar in na ga haɗari sai in ji ƙafata ta ƙi taka birki, ina istigfari ina wucewa. In ba a warware wannan ba, duk horon da za a ba yaran nan zai tsaya ne a filin atisaye.

Lauya Mazaunin Katsina ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam Direba, abin da ya same ka abin takaici ne, kuma ba kai kaɗai ba ne. Zan faɗi abin da doka ta tanada, sannan in faɗi abin da nake ganin ya fi doka aiki a unguwa.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Sannan akwai dokar 2017 ta tilasta kula da waɗanda aka harba da bindiga, wadda ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda aka harba ko da babu takardar 'yan sanda kuma ba tare da jiran kuɗin ajiya ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara magani. Dokar ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo majinyacin, kada a tsananta masa da tambayoyin da ba su da dalili. Sai dai a lura, wannan kariya ta biyu a kan harbin bindiga aka rubuta ta, kuma ko a nan ma, ba kowane jami'in da ke kan kanta da tsakar dare ne ya san da ita ba.

Saboda haka, Malam Sakatare, kada ku jira ranar tsautsayi kafin ku san baturen 'yan sandan yankinku. Ku rubuta takarda ta bi ta hannun mai unguwa zuwa hakimi, ku kai kwafi ofishin 'yan sanda da ƙaramar hukuma da asibitin da kuka fi kai mutane, da sunaye da hotunan 'yan agajinku, a buga muku hatimin karɓa ku adana. Kowane ɗan agaji ya riƙe katin shaida. Kada mutum ɗaya ya kai majinyaci shi kaɗai. Su kasance biyu, su kira 112 kafin su tashi, su rubuta lokaci da wuri da sunan shaidu biyu a littafin ƙungiya. Kuma a tsaya a kan abin da aka koya: ɗan agaji ba ya yin allura, ba ya ƙarin ruwa, ba ya ɗinki, ba ya ba da ƙwaya, domin a nan ne taimako ke komawa laifi. Hoton majinyaci kuwa kada ya fita daga wayar kowa zuwa Facebook ko WhatsApp.

Malamin Asibiti ya sake amsawa:

Baba na Daura, na karɓi gyara a kan riga mai ƙyalli, hujjarka ta fi tawa. Amma da izininka zan gyara abu ɗaya, domin kada yaran su ɗauka. Kifa wanda aka ciro daga ruwa a danna masa ciki tsohuwar koyarwa ce da aka bari, saboda abin da ke fitowa daga tumbi yake, yana iya komawa huhu, kuma ana ɓata mintocin da ƙwaƙwalwa ke bukata. Abin da ya rasa iska ce. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a fara hura masa iska, sannan a shiga danna ƙirji. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, domin huhun yana iya rikicewa bayan wasu awoyi. Malama kuma ta yi gaskiya, in an tsara ranar Islamiyyar zan yi magana da abokan aikina mata.

Sakataren Unguwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Daren jiya na karanta wa kwamiti amsoshinku ɗaya bayan ɗaya. An janye maganar kaki da bitar kwana uku, an amince da riga mai ƙyalli, an kuma ware naira 80,000 domin ajin mata, ko da yake sai da aka kai ruwa rana kafin a yarda. Malama, zatonki gaskiya ne, babu mace ko ɗaya a jerin farko. Mun sake duba sunayen, muka tarar 11 daga ciki ɗalibai ne da za su bar gari bayan Sallah, saboda haka gobe zan je majalisar 'yan acaɓan bakin titi da kaina. Wani kafinta a unguwar ya ɗauki alkawarin katakon ɗauka guda biyu kyauta, sai dai yana tambayar tsawo da faɗin da ya kamata, da kuma ko a huda gefensa domin hannu da igiya. Malamin asibiti, ina jiran amsarka a kan wannan kafin ranar Asabar, domin ranar zai yanka katakon.